Daga Burmi Zuwa Damazin: Tarihin Hausawan Sudan Da Rikicin Zama Ɗan Ƙasa

Kafin mota da jirgin sama, mai niyyar Hajji daga ƙasar Hausa da ƙafa yake tafiya, kuma hanyar sananniya ce: daga Kano ko Katsina a gangara Borno, a zaga Tafkin Chadi a shiga Wadai, daga nan Darfur da Kurdufan, a tsallake Nilu a kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, sannan a hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Ba tafiyar wata ɗaya ko biyu ba ce. Mutum kan yada zango ya yi noman damina, ko ɗinki, ko wanzanci, ko ya buɗe makarantar allo, ya tara guzuri ya ƙara gaba. Wani ya shekara biyar a hanya, wani goma, wani kuwa aure da haihuwa su riƙe shi har ajali ya cim masa bai ga Ka'aba ba. Su ne tushen unguwannin Hausawa da Fulani da Barebari a ƙasar da yau ake kira Sudan. Mutanen can ba su tsaya bambance su ba. Duk wanda ya fito daga yamma sai su kira shi Fallata, sunan da ya bi su har yau, wani lokaci a matsayin suna kawai, wani lokaci a matsayin gori.

Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya fara a 1804, ya ƙara wa hanyar wani nauyi. A zamanin jama'a sun ɗauka ƙarshen duniya ya matso, har wasu suka riƙa cewa Shehu ne Mahadin da ake jira, shi kuwa ya musanta haka a rubuce. Abin da ya wanzu a bakin mutane shi ne wai Shehu ya yi bushara cewa wata rana jama'arsa za su tashi su yi gabas su tarbi Mahadi a bakin Nilu. Wannan ruwaya ce ta kaka da kakanni. Abin da takarda ta riƙe shi ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Modibbo Adama yana umartarsa ya tura mutane wajen Wadai da Darfur su riƙa sauraron labarin bayyanar Mahadi, kuma daga baya Nana Maryamu 'yar Shehu ta rubuta wa Sarkin Kano tana jan kunnen masu gaggawar ƙaura cewa lokaci bai yi ba. Idan har sai da 'yar Shehu ta ɗauki alƙalami, to masu tashin ba kaɗan ba ne.

A 1881 Muhammad Ahmad ya bayyana kansa Mahadi a tsibirin Aba da ke kan Farin Nilu, a Janairun 1885 kuma mayaƙansa suka ci Khartum, aka kashe Janar Gordon. Labari bai daɗe ba ya iso yamma. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Muhammadu Bello, wanda ya bar Sakkwato ya zauna a Balda cikin ƙasar Adamawa, ya yi mubaya'a ta wasiƙa, Mahadi ya naɗa shi wakilinsa a yamma. A ƙasar Gombe kuma Malam Jibrilla Gaini ya kafa tungarsa a Burmi, kusa da kogin Gongola, ya hana sarakunan Gombe barci. Cikin waɗannan shekaru aka haifi garinmu Jalingo. A ƙarshen 1892 Sarkin Muri Muhammadu Nya, da taimakon igwar wani hafsan Faransa mai suna Mizon, ya ci garin Kona na Jukunawa, a 1893 ya mai da sansanin yaƙinsa mazauni, wato Jalingo. Gidan Muri da gidan Gombe kuwa tsatso ɗaya ne, tunda Hammaruwa da ya kafa Muri ɗan'uwan Buba Yero na Gombe ne. Ba daga nesa mutanen wannan yanki suka ji guguwar ba, a maƙwabtansu take kaɗawa.

Daular Mahadi ta faɗi a filin Karari, daf da Umdurman, ranar 2 ga Satumba 1898. A shekarar ce kuma Fadlallah ɗan Rabeh, mayaƙin da ya ci Borno, ya kashe Hayatu. Duk da haka begen gabas bai mutu ba.

Burmi, 1903

Turawan Ingila sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya zaɓi hijira a kan zama ƙarƙashin Nasara. Abin da ya tayar wa Turawa hankali ba takubbansa ba ne, jama'ar da ta bi shi ce: manoma sun bar gonaki ana daf da shuka, malamai sun kwashi almajirai, wasu sarakuna sun bar gadajensu. Aka bi shi har Burmi, inda aka yi gwabzawar ƙarshe ranar 27 ga Yuli 1903. Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa, Manjo Marsh da ya jagoranci harin shi ma ya mutu a wurin. A ranar Jalingo ba ta wuce shekara goma da kafuwa ba.

Ana cewa kafin Attahiru ya faɗi ya miƙa wa ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno tuta, ya ce ya wuce da jama'a. Ana kuma yawan ambaton cewa waɗanda suka bi shi sun kai 25,000, amma wannan ƙiyasi ne, ba wanda ya tsaya ƙirga mutanen da ke gudun ceton rai. Abin da ya tabbata shi ne a wajen 1906 ayarin ya sauka a Shaikh Talha a bakin Shuɗin Nilu, daga baya suka kafa garinsu kudu da Sinnar, wanda har yau ake kira da sunan Mai Wurno, kuma zuriyarsa ke riƙe da sarautarsa.

Waɗanda suka guje wa Turawan Ingila sai suka tarar su ne dai ke mulki a Sudan. Turawan kuma ba su kore su ba, domin suna da buƙata. Yaƙe-yaƙe da yunwar zamanin Mahadiyya sun rage jama'a, ga ƙasa mai faɗi babu hannun noma. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe babban shirin noman auduga na Jazira don masaƙun Ingila, sai ƙofa ta buɗe sosai. Hausawa da Fulani da Barebari suka yi ta kwarara. Su ke tsinkar auduga a Jazira, su ke noman dawa da riɗi a Gadarif, su ke aikin lambu a Kasala, su ke kamun kifi a bakin Nilu. Sayyid Abdurrahman ɗan Mahadi ma da ƙarfin mabiyansa na yamma ya raya gonakinsa na tsibirin Aba, mutanen da suka zo neman albarka suka yi masa aiki ba don lada na kuɗi ba. Lokacin da farashin auduga ya karye a shekarun 1930, wasu masu filaye a Jazira suka watsar da su, mutanen yamma suka karɓa suka noma. Da kasuwa ta farfaɗo sai aka fara cewa fili na ɗan ƙasa ne.

A nan matsalar ta samo tushe, kuma doka ce ta dasa ta. Sudan ta sami 'yancin kai ranar 1 ga Janairu 1956. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce ɗan Sudan na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba ke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Mai karatu ya duba wannan rana da kyau. Mutanen Burmi sun iso a 1906, shekaru tara kacal bayanta. Ke nan wanda aka haifa a Mai Wurno, ya yi furfura a can, bai taɓa ganin Sakkwato ko a mafarki ba, a idon doka baƙo ne sai ya nemi takarda. Wanda ba shi da takarda kuwa ba shi da hawasha, wato filin noma, a Jazira, ba aikin gwamnati, ba ƙuri'a. An sassauta ranar daga baya, har dokar 1994 ta mai da ita 1 ga Janairu 1956, amma tsatsar da aka bari ta shiga zukata shekaru kusan arba'in ba ta goguwa da gyaran takarda.

Muryar da ta buɗe rediyo

Cikin wannan hali ne wata 'yar Hausawa ta zama muryar Sudan. Aisha Musa Ahmad, wadda duniya ta sani da Aisha al-Fallatiya, an haife ta a Kasala, iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka fito. Mahaifinta malami ne mai makarantar allo a Umdurman, a gabansa ta koyi karatun Alƙur'ani, kuma ya yi iya ƙoƙarinsa ya hana ta waƙa. A zamanin mace mai waƙa a bainar jama'a ba a ɗaukarta 'yar mutunci. A 1942, shekaru biyu bayan buɗe gidan rediyon Umdurman, ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a cikinsa, 'yar'uwarta Jidawiyya na kaɗa mata garayar Larabawa. A lokacin yaƙin duniya na biyu ta je ta yi wa sojojin Sudan waƙa a sansanoninsu. Duk wata mawaƙiya da ta zo bayanta a Sudan ta ƙofar da ta buɗe ta shiga. A 1961 ta ziyarci Nijeriya ta yi waƙa da Hausa. Ta rasu a 1974, ƙasar baki ɗaya na alfahari da ita, amma sunan da ake kiranta da shi kullum yana tuna wa mai sauraro cewa daga wani wuri ta zo. Wannan abu yana ci mini rai: al'umma ta karɓi muryar mutum ta sa a zuciyarta, ta kuma ci gaba da tambayar danginsa takardar shaida.

Zumuncin bai tsaya a gefe ɗaya ba. Malaman Sudan ne suka koyar a makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, kuma Sheikh Abubakar Gumi na cikin ɗaliban Arewa da suka yi karatu a Bakhtur Ruda ta Sudan a shekarun 1950.

Ƙasar da talaka ke tuɓe soja

Sudan na da wata al'ada da ba kowace ƙasar Larabawa ke da ita ba: sau uku jama'a marasa makami suna kawar da mulkin soja. Na farko a Oktoban 1964. 'Yan sanda sun harbe ɗalibi Ahmad al-Kurashi a Jami'ar Khartum ranar 21 ga watan, jana'izarsa ta zama zanga-zanga, alƙalai da likitoci da ma'aikatan jirgin ƙasa suka shiga yajin aiki, gwamnatin Janar Ibrahim Abbud ta rushe. Zaɓen 1965 da ya biyo baya ya kai Fatima Ahmad Ibrahim majalisa, mace ta farko. Na biyu a Afrilun 1985, lokacin da tsadar abinci da yajin aikin ƙungiyoyin ƙwararru suka kawo ƙarshen Ja'afar Numairi, wanda ya hau mulki a 1969.

Zamanin Numairi ya bar wa mutanen yamma tabo biyu. A Maris 1970 ya yi wa tsibirin Aba ruwan wuta don murƙushe Ansar, wato mabiya gidan Mahadi, kuma da yawa daga mazauna tsibirin jikokin masu hijirar yamma ne. A shekarar ce kuma ya yi dokar da ta mai da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati, sannan ya rushe mulkin sarakunan gargajiya. Umar al-Bashir, da ya yi juyin mulki ranar 30 ga Yuni 1989, ya maido da sarautun, amma a matsayin kayan siyasa: ƙabilar da ta yi biyayya a ba ta sarauta, wadda ta ƙi a raba tata gida biyu. Tunda a al'adar Sudan sarauta da ƙasa tare suke tafiya, duk wanda ba shi da sarki a wuri, zaman aro yake yi ko da kakansa ne ya sare dajin.

Gwamnatin Bashir ta jawo shugabannin Hausawa a jiki don ƙuri'unsu, amma hakan bai kawar da gorin ba. A 2008 wata jaridar Khartum ta danganta wa Bashir maganar cewa Hausawa ba 'yan Sudan ba ne. An musanta, amma kafin nan Hausawan Gadarif sun fito kan titi, aka yi arangama da jami'an tsaro, aka rasa rayuka.

Juyin na uku kuwa daga gidan Attahiru ya fara. Duniya ta fi sanin Atbara, inda ranar 19 ga Disamba 2018 jama'a suka ƙone ofishin jam'iyya mai mulki bayan farashin burodi ya ninka sau uku. Amma 'yan Sudan da ke lissafin kwanakin juyinsu sukan fara ne daga 6 ga Disamba, ranar da 'yan makaranta suka fito a Mai Wurno saboda rashin burodi, sai Damazin ranar 13, sannan Atbara. Daga nan wuta ta kama ƙasa. Kwamitocin unguwanni na matasa ne ke tsara fita, ƙungiyar ƙwararru na sanar da rana da lokaci, takensu kuwa 'yanci da zaman lafiya da adalci. Ranar 6 ga Afrilu 2019 suka yi zaman dirshan a ƙofar hedkwatar soja a Khartum. Filin ya zama gari guda: masu zane suka cika bango da hotunan waɗanda aka kashe, mawaƙa na rera waƙoƙi har asuba, mata na gaba-gaba, ana dafa abinci a raba kyauta. Ranar 11 ga Afrilu sojoji suka sauke Bashir. Ranar 3 ga Yuni, a ƙarshen azumi, aka tarwatsa zaman da harsashi, kwamitin likitoci ya ce mutum fiye da 100 suka mutu, an tsamo wasu gawarwakin daga Nilu. Aka kafa gwamnatin haɗin gwiwa da Abdalla Hamdok a watan Agusta, Janar Abdulfatah al-Burhan ya kifar da ita ranar 25 ga Oktoba 2021.

Shuɗin Nilu, 2022

Jihar Shuɗin Nilu, mai hedkwata a Damazin, ƙasa ce da ta sha wuya tun kafin wannan. Berta da Hamaj da Ingasana da sauran ƙabilunta sun ga farautar bayi a ƙarni na 19, sun ga an yanka dazuzzukansu an ba manyan 'yan kasuwar Khartum su yi noman tarakta, sun ga ruwan madatsar Rusairis ya cinye ƙauyuka da aka ƙara mata tsawo a 2013, sun kuma ga yaƙi tun 2011 tsakanin gwamnati da mayaƙan Malik Agar. Mutumin da aka ƙwace wa abu sau huɗu ba ya jin maganar ƙasa da kunnen sanyi. Dole a faɗi wannan, domin wanda ya ba da labarin 2022 bai ambace shi ba ya ba da rabi ne.

Bayan yarjejeniyar Juba ta Oktoban 2020, da ta maido Agar da mutanensa cikin gwamnati, Hausawan jihar suka nemi a ba su masarauta tasu cikin tsarin sarautun gargajiya. Su a wajensu abin nema shi ne mai magana da yawunsu da mai sasanta rigingimunsu. Sarakunan yankin kuwa suka ji shi a matsayin neman ƙasa, suka ƙi. 'Yan siyasa na kowane ɓangare suka hura wutar, kalaman ƙiyayya suka cika Facebook da WhatsApp. A tsakiyar Yulin 2022 kisan wani manomi a yankin Gaisan ya zama sila. Cikin 'yan kwanaki aka ƙone gidaje da shaguna a Rusairis da Ganis da kewaye, hukumomin lafiya na jihar suka ƙirga gawa 105, dubun dubatar mutane, mafi yawansu Hausawa, suka tsere zuwa Sinnar da Farin Nilu.

Abin da ya biyo baya bai taɓa faruwa da wannan girma ba. Hausawa suka fito rana ɗaya bayan ɗaya a Kasala da Gadarif da Wad Madani da Fot Sudan da Al-Ubayyid da Khartum kanta, suna cewa su 'yan ƙasa ne, a hukunta waɗanda suka kashe musu dangi. A Kasala fushi ya wuce gona da iri, aka ƙone ofisoshin gwamnati da shaguna, abin da ya ba maƙiyansu abin faɗa. Amma a lokacin ne 'yan Sudan da dama suka fara ganin yawan wannan al'umma da suka saba gani ɗai-ɗai a gona da kasuwa. Kwamitocin unguwanni da suka kayar da Bashir suka yi jerin gwano na ƙin wariyar ƙabila, suna ɗora laifin a kan sojojin da suka ƙwace mulki suka kasa tsare rai. Ba a hukunta kowa yadda ya kamata ba, saboda haka a watan Oktoba rikicin ya dawo a Wad al-Mahi, cikin ƙauyukan da aka gina wa waɗanda madatsar ta tasa, aka kashe mutum kusan 200 cikin kwana biyu. Talakawa biyu da ruwa ɗaya ya kora su ne suka yanka juna.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Burhan da dakarun RSF na Hamidti, ya haɗiye komai. Ɗaliban Nijeriya da ke jami'o'in Khartum an kwaso su ta iyakar Masar da ta Fot Sudan, rukunin farko ya sauka Abuja a farkon watan Mayu. Jikokin mutanen Burmi ba jirgin da ya je ɗaukarsu, kuma ba su nema ba, domin can ne gida. Wad Madani ta faɗi a Disambar 2023, Sinja a tsakiyar 2024, wato tsakiyar ƙasar da suka fi yawa, kafin sojoji su sake karɓe garuruwan. Matasan kwamitocin nan su ne suka koma masu dafa abincin sadaka a unguwanni suna ciyar da waɗanda yaƙi ya rutsa da su.

Mu a Taraba ba ma buƙatar tafinta kafin mu gane wannan labari. Tun da aka yanke jihar daga Gongola ranar 27 ga Agusta 1991 muke binne mutane a kan tambaya iri ɗaya: Tibi da Jukunawa a ƙasar Wukari a 1991 zuwa 1992 da kuma 2001, rikicin gadon sarautar Takum da ya bar kujera babu kowa shekara da shekaru tun 1996, kashe-kashen tsaunin Mambila a 2017. Kowane ɓangare na da abin da yake tsoro, kuma tsoron na da asali. Bahaushe ko Bafillacen Jalingo da ke jin zafin abin da aka yi wa 'yan'uwansa a Rusairis ya kamata ya tuna cewa mutanen Kona ma suna da labarin 1892 da suke ba 'ya'yansu. Wanda kuma ke riƙe da hatimin takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma ya san cewa yaron da aka haifa a nan, aka haifi ubansa a nan, idan aka hana shi gurbin karatu ko aiki, ba shi da wani garin da zai koma.

Ina roƙon 'yan Majalisar Dokokin Jihar Taraba da iyayenmu sarakuna su zauna a nan Jalingo su fitar da doka a rubuce, wadda za ta raba abu biyu da Sudan ta cakuɗa: ƙasar gado da sarautar gargajiya a tabbatar wa masu su ta yadda ba wanda zai ji tsoron ƙwace, haƙƙin makaranta da aikin gwamnati da tsayawa takara kuwa a ba duk wanda aka haifa a jihar, a kuma faɗi adadin shekarun da wanda ya zo daga baya zai zauna kafin ya same shi.